Kilisar Mota a Titin Sakkwato: Begen Jiya da Giɓinsa a Fim ɗin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wata ɗabi'a ta samarin birni, wato fita da mota da yamma a zaga gari ba tare da an nufi wani wuri ba, a ga jama'a, jama'a su ga mutum, tare da begen da waɗanda suka yi ta ke nunawa bayan zamaninta ya shuɗe. An kira wannan ɗabi'a kilisar mota, finafinan da ke waiwayen irin wannan zamani kuma an kira su finafinan begen jiya. Fagen nazarin shi ne ɓangaren titin Sakkwato da ya taso daga PZ a Sabon Garin Zariya, ya ratsa Kwangila da Palladan, ya dangana da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Lokacin da aka fi mai da hankali a kai shi ne tsakanin 1975 da 1986.

Tambayar da takardar ke ƙoƙarin amsawa ita ce: a Amurka, shekara 11 kacal aka yi tsakanin zamanin da fim ɗin American Graffiti ke bege da fitowarsa, me ya sa bayan kusan shekara 40 da mutuwar kilisar mota a irin wannan titi, nau'in fim ɗin da ke waiwayenta bai kafu a masana'antar finafinan Hausa ba? Matsayin takardar shi ne, abin da ake bege a Zariya tsarin tattalin arziki ne da ya sa matashi mai takardar shaida ke sa ran mallakar mota tun yana saurayi, kuma rushewar wannan tsari ita ce ta haifi fim ɗin bidiyo na Hausa. Masana'antar ta zo duniya ne bayan an rufe kasuwar, da wasu 'yan kallo dabam da wata damuwa dabam.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Masana uku ne suka fi yin tasiri a nazarin begen jiya. Fred Davis, a littafinsa na 1979, ya nuna cewa bege yakan taso ne a inda rayuwa ta yanke, mutum ya waiwaya ya ga jiya da yau ba su haɗu ba, kuma shekarun samartaka ne aka fi komawa gare su. Fredric Jameson ya ɗauki American Graffiti a matsayin fim ɗin da ya buɗe ƙofar wannan nau'i, amma da suka ya zo: a ganinsa irin waɗannan finafinai salon tufafi da motoci da waƙoƙi suke tattarowa su jera, har ƙyalƙyalin zamanin ya maye gurbin tarihinsa. Svetlana Boym, a 2001, ta raba bege gida biyu, akwai mai son a maido da jiya yadda take, akwai kuma mai tunani, wanda ya san jiya ba za ta dawo ba, yake juya ta a zuciya yana auna ta. Bahaushe ya riga Davis zuwa inda ya je, domin ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

A ɓangaren mota, Pascal Menoret, a littafinsa na 2014, ya yi nazarin matasan birnin Riyad, inda ya danganta wasan mota da faffaɗan titunan da kuɗin mai ya shimfiɗa da kuma ƙuncin samarin da birnin ya bari a gefe. Lindsey Green-Simms, a 2017, ta duba mota a adabi da finafinan Afirka ta Yamma, ta nuna cewa mota a wannan yanki alkawarin tafiya take ɗauke da shi, amma sau da yawa lalacewa da cunkoso da jiran mai ne ke biyo baya. A fagen fim ɗin Hausa kuwa, Brian Larkin tun 1997 ya bayyana yadda finafinan Indiya suka ba Hausawa wata hanyar hango zamananci wadda ba ta Turawa ba, Abdalla Uba Adamu kuma ya bi diddigin yadda masu shirya finafinan Kano suka ari labarai da waƙe-waƙen Indiya suka sarrafa su. Waɗannan ayyuka sun fi karkata ga soyayya, waƙa da tace finafinai. Titi a matsayin dandalin samari, da abin da ya rage daga gare shi a ƙwaƙwalwar jama'a, shi ne giɓin da wannan takarda ta nufa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance ta fuska biyu. Ta farko, an jera sharuɗɗan zahiri da kilisar mota ke buƙata kafin ta yiwu, wato titi, mota, mai, albashi da 'yan kallo, aka duba lokacin da suka haɗu a Zariya da lokacin da suka watse, bisa tarihin da ke rubuce. Ta biyu, an karanci American Graffiti a matsayin ma'auni, aka kwatanta aikin da mota ke yi a cikinsa da aikin da take yi a fim ɗin Hausa. An ɗauki fim ɗin Amurka ne don ya fito da sassan nau'in a fili; ba a ɗauke shi a matsayin abin da ya wajaba kowa ya kwaikwaya ba.

4.0 Nazari

4.1 Titin da abin da ya ɗora motoci a kansa

Kilisar mota ba ta yiwuwa a kowane titi. Tana buƙatar hanya miƙaƙƙiya mai kwalta, mai jama'a a bakinta, mai kuma wurin juyawa a kowane ƙarshe. Lungunan cikin birnin Zazzau, a bayan ganuwa, an yi su ne don ƙafa da doki, kuma idon manya na kan kowa. Titin Sakkwato kuwa ya cika sharuɗɗan. A ƙarshensa na kudu akwai Sabon Gari, wanda ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, da kantunansa da gidajen sinima da cakuɗuwar ƙabilu. A ƙarshensa na arewa akwai jami'ar da aka buɗe a 1962, cike da ɗalibai da matasan malamai daga ko'ina a ƙasar. Palladan ta faɗo a tsakiya, maƙwabciyar Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964. Duk wanda ya taso daga wannan ƙarshe zuwa wancan sai ya bi ta gabanta, saboda haka mazauna Palladan sun fi zama 'yan kallon kilisar fiye da masu yin ta, kuma wannan batu zai dawo a sashe na 5.0.

Motar kanta ta zo ne da kuɗin mai. A farkon 1975 gwamnatin Yakubu Gowon ta biya ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawara, haɗe da ariyas na watanni. A wannan shekarar dai kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka daga Zariya, Volkswagen kuma ya fara nasa a Legas. Wanda ya gama digiri a lokacin aiki na jiransa, kuma bashin sayen mota na cikin abin da babban ma'aikaci ke samu. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Peugeot 504 motar manyan jami'anta, sai ya zamana motar da ke ƙofar gidan kwamishina ita ce irin wadda matashin lakcara ke iya saye da bashi. Litar fetur kwabo 15.3 ce a 1978, ta koma kwabo 20 a 1982, matatar mai ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1980. A farashin hukuma, naira ta fi dala daraja. Ƙona mai a kan yawon da ba shi da riba abu ne da albashi ke ɗauka ba tare da ya ji ba.

Siffar kilisar ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne ta bambanta da abin da ya biyo bayanta. Bayan la'asar ake wanke Fijo, a goge gilashi, a sa kaset. Ana sauke gilashin ƙofa, direba ya ɗora gwiwar hannu a kai, mota na tafiya a giya ta biyu ko ta uku, ba ta wuce saurin da za a iya gane fuskar mai tuƙi daga bakin titi. Oda gaisuwa ce: a danna sau biyu ga majalisar da aka sani, a ɗaga hannu. A tsaya wurin mai tsire ko mai shayi, a jingina da boneti a taɓa hira, a kai Samaru a juyo. Wanda bai da mota yana da Vespa ko Honda, wanda bai da wannan yana da gurbi a kujerar baya ta abokinsa, kuma ba lallai motar ta zama ta mai tuƙin ba. Ta yaya ce ko ta baba da aka karɓa da sunan aike. Jinkiri shi ne ginshiƙin abin, domin wanda ya yi gudu ba a gan shi ba.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zare sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. An karya darajar naira a watan Satumba na shekarar, fetur ya koma kwabo 39.5, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, kasuwa ta koma ga gwanjon motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano. Shekarun 1990 sun zo da dogayen layuka a gidajen mai da 'yan bumburutu a bakin titi. Babur ɗin da jiya ake zuwa zance da shi ya zama na acaɓa, Fijon da aka yi kwalisa da ita aka saka ta layin tasha tana jigilar Funtuwa da Gusau.

4.2 Yadda American Graffiti ya gina begensa

George Lucas ya fitar da fim ɗin a watan Agusta na 1973, labarin dare guda ne a ƙarshen hutun bazara na 1962 a garin Modesto na jihar Kalifoniya, inda shi kansa ya tashi. Abokai huɗu ne, biyu daga cikinsu na shirin tafiya kwaleji da safe. Kusan dukan fim ɗin a cikin mota ko a gefenta yake: ɗaya yana bin wata farar Thunderbird da ya hango mace a ciki, ɗaya ya ari motar abokinsa don ya burge 'yan mata, ɗaya kuma gwanin tsere ne da ke jin zamaninsa na ƙarewa. Abin da ya ɗinke labaran wuri guda shi ne rediyo. Kowace mota tasha ɗaya ta kama, muryar mai gabatarwa Wolfman Jack na fita daga wannan taga ta shiga waccan.

Ƙarfin fim ɗin yana a ƙarshensa, inda rubutu ya bayyana makomar samarin: wani ya mutu a hatsarin da direba mashayi ya jawo, wani ya ɓace a yaƙin Biyetnam, wani ya zama dillalin inshora a garinsu, wani marubuci a Kanada. Mai kallo a 1973 ya san abin da su ba su sani ba, ya san kisan Kennedy da yaƙin da ke tafe. Wata biyu bayan fitowar fim ɗin ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, layuka suka bayyana a gidajen mai, abin da ake kallo a allo ya ƙara nisa. A nan sukar Jameson ta yi rauni, domin wannan rubutu na ƙarshe tarihi ne, kuma shi ya sa fim ɗin ya fi kusa da bege mai tunani na Boym. Abubuwa uku ke nan nau'in ke buƙata: yankewar zamani da kowa ya shaida, kayan zamanin da za a ɗora a gaban kyamara, da 'yan kallo masu kuɗin tikiti waɗanda labarin nasu ne.

4.3 Mota a fim ɗin Hausa

Sharaɗi na farko Zariya ta cika shi, 1986 yankewa ce da babu mai musu a kanta. Har muryar da ke haɗa motoci tana da takwara, domin shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya yi wa samari da 'yan matan Arewa irin wannan aiki na isar da gaisuwa. A sauran sharuɗɗa biyun ne aka samu cikas.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara kasuwa ne da Turmin Danya a 1990, a Kano. Faɗuwar naira da ta sa shigo da finafinan sinima ya yi tsada, da arhar kyamarar bidiyo, da samarin da suka gama makaranta ba aiki, su ne suka tayar da masana'antar. Waɗanda suka gina ta ƙannen 'yan kilisa ne, waɗanda suka ga mota a hannun yayyensu amma da nasu lokacin ya zo suka tarar an ɗauke tsani. Ga irin wannan matashi mota buri ce ta gobe. Shi ya sa a galibin finafinan motar takan bayyana ne tana shiga katafaren gida maigadi na buɗe ƙofa, ko tana fake a ƙofar gidan budurwa tana yi wa saurayi shaidar arziki, ko an jingina da ita a wurin rawa da waƙa. Aikinta rarrabe mai kuɗi da talaka ne a rikicin aure. Titi kuwa wurin wucewa ne tsakanin fitowa biyu. Idan fim ɗin Hausa ya waiwayi baya, yakan tsallake shekarun 1970 gaba ɗaya ya tafi zamanin sarauta da doki, zamanin da Shaihu Umar na Adamu Halilu ya nuna tun 1976, Sangaya kuma ya nuna da salonsa daga baya. Ko a waƙar baka ma, mota ta fi fitowa a matsayin wurin neman abinci. Waƙar Ɗanmaraya Jos a kan karen mota misali ce a fili.

'Yan kallo ma dabam ne. Kasuwar kaset da faifai ta dogara ne a kan matan aure a cikin gida da matasa, waɗanda labarin kishiya da auren dole ya fi shafa. Dattijon da ya tuƙa 504 a Samaru a 1979, wanda yanzu ke bin fansho, ba shi ne ke sayen fim ba, sau da yawa ma yana cikin masu ƙyamarsa. Begensa a majalisa yake fita, ko a tsofaffin hotunan da 'ya'yansa ke ɗorawa a Facebook.

Ana iya cewa rashin kuɗi ne, domin ɗaukar motoci masu tafiya da dare na buƙatar fitilu da tare hanya. Wannan bai isa hujja ba: American Graffiti kansa ƙaramin fim ne, kuɗin shirya shi bai kai dala miliyan ɗaya ba. Abin da Lucas ya samu a sauƙaƙe shi ne motocin zamanin suna nan da ransu a hannun masu sha'awa. A Arewa ba a ajiye mota don tarihi, ana mora ta ne har sai bakanike ya ce ya gaji, sannan 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Akwai kuma batun tarbiyya, wanda ya fi na kuɗi nauyi. Tun kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma tun kafin nan a idon jama'a, saurayi da budurwa su kaɗai a mota da dare keɓewa ce, zaga gari ba dalili kuma yawon banza ne. Labari na iya nuna su, amma da sharaɗin ya hukunta su a ƙarshe. Fim ɗin begen jiya kuwa ba ya tsayuwa sai ya ƙaunaci abin da yake nunawa.

5.0 Suka da Martani

Suka ta farko ita ce kilisar mota kwaikwayon Turawa ce, don haka rashinta a fim ba asara ba ce. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Fita da doki da yamma cikin ado, a zaga gari a hankali don a gani a yaba, al'ada ce da 'ya'yan sarauta da attajirai suka daɗe suna yi a Zazzau da Kano da Katsina, kuma hawan sallah shi ne babban dandalinta. Abin hawan ne ya sauya, masu hawan kuma suka ƙaru da 'yan boko. A Senegal, a shekarar da American Graffiti ya fito, Djibril Diop Mambéty ya fitar da Touki Bouki, inda saurayi ke zaga Dakar a kan babur da ya ɗaura wa ƙahonin sa. Wannan ya nuna ana iya ɗaukar yawon samari a fim daga cikin al'adar wurin ba tare da an leƙa Kalifoniya ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: 'yan tsiraru ne suka yi kilisar, maza ne kusan dukansu, kuma mafi yawan mazauna Palladan da ƙauyukan kewaye keke Raleigh ne iyakarsu. Wannan gaskiya ne, kuma duk nazarin da ya ɓoye shi ya faɗa ramin da Jameson ya yi gargaɗi a kai. Sai dai yaron da ke tsaye a bakin titi a 1980 yana da dalilin zaton cewa idan ya yi karatu zai shiga motar, tunda ya ga ɗan maƙwabcinsu ya shiga ta wannan ƙofa. Wannan zato shi ne abin da ya mutu, shi ya sa ake jin begen har a bakin waɗanda ba su taɓa riƙe sitiyari ba. Ga mata kuwa lissafin dabam ne. Ɗalibar jami'a da aka gani a gaban mota ita ce ke ɗaukar zargin, mai motar ya wuce da suna gwani, kuma fim ɗin da zai yi adalci ga zamanin dole ya nuna wannan.

Suka ta uku ita ce ɗabi'ar ba ta mutu ba, tana nan a wasan motar da ake yi a bukukuwan aure da ranakun sallah. Kamar dai akwai, amma jinsin ya bambanta. Wasan mota gudu ne da juyi da ƙarar taya, na mintoci ne, ana yin sa don wayar da ke ɗauka, kuma ya fi kusa da abin da Menoret ya gani a Riyad. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, zagaye mai tsawo a hankali ya zama abin da ko ma'aikaci ba ya iyawa, sai ɗan gajeren wasa mai tsada na 'ya'yan masu hali. Hukuma ma ta wannan fuska ta san abin: 'yan sanda a Kano sukan fitar da sanarwar hana tseren mota da kilisar dawaki a lokutan bukukuwa, saboda rayukan da ake rasawa. A Kalifoniya an bi irin wannan hanya, Modesto kanta ta haramta kilisar mota a 1990. Amma a can finafinai sun riga sun raba mai zagaye a hankali da mai tsere a idon jama'a, garin ya mai da fim ɗin Lucas abin biki na shekara-shekara, kuma daga 1 ga Janairu, 2024 dokar jiha ta soke ikon birane na hana kilisar.